Ƙwaya Ɗaya ta Rage a Carbin Tulasi

Phaltan,
19 ga Mayu.

Zuwa ga ɗana Yashwant,

Bayan sa albarka mai yawa da fatan tsawon rai, ina roƙon Ubangiji Vitthal ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Ketaki da jikata Gargi. Ya tsare ku daga sanyin ƙasar Suwidin, ya buɗa maka a wurin aikinka, ya kuma sa ku riƙa cin abinci mai zafi a kan lokaci, domin a hoton ƙarshe da na gani kumatunka sun faɗa. Mu nan lafiya lau, sai zafin rana da ya yi yawa bana. Rijiyar bayan gida ta ja baya har guga yana kwaso laka. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ta bar ni in tafi amma ba ta bari in durƙusa. Baffanka Tanaji ya gama saran rake, yanzu yana gyaran gonar dawa yana duban sama. Ƙanwarka Mangala tana Satara lafiya, ita da mijinta da yara.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Dalilai biyu ne. Na farko, yau wata huɗu da kwana biyar ke nan ban ji muryarka ba, kuma mu biyu mun san wanda ya jawo haka. Na biyu, a waya harshena yana riga hankalina, amma alƙalami yana jirana. Ban gama sakandare a banza ba, har yanzu rubutuna ya fi naka kyau. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, ba a tsaye kana tauna abinci ba, kamar yadda ka saba.

Ka tuna ranar bikin Sankranti, ranar da ake ba juna alewar riɗi da mazarƙwaila domin bakin kowa ya yi daɗi ga ɗan'uwansa. Ka kira ni kira mai hoto, Gargi tana kan cinyarka tana nuna mini haƙorinta da ya fita. Wuyan rigarka a buɗe yake. Na duba, na sake dubawa, na matso da wayar har hancina ya taɓa gilashin. Babu carbin itacen tulasi a wuyanka. Na tambaye ka ina yake, ka sunkuyar da kai. Sai na ce kada ka ƙara kirana Aayi, kada ka ƙara ce mini uwa, sai ranar da carbin ya koma inda yake, na kashe wayar. Alewar riɗi tana hannuna lokacin da na faɗi haka. Kai kuma, da yake ɗan ubanka ne wajen taurin kai, ka bi umarnina kamar yadda ba ka taɓa bin wani umarni nawa ba.

Ba zan ce maka ban ji zafi ba. Carbin nan ba ado ba ne da za a cire a ajiye tare da agogo. Ubanka ya sa nasa shekara arba'in da ɗaya, da shi aka ɗora shi a kan itacen ƙonewa. Kuma ba wanda ya tilasta maka. Kai ka je da ƙafarka wajen malaminmu Buwa Gangadhar kana da shekara goma sha tara, ka ce kana so. Sau biyu yana sallamarka. Karo na farko ya ce ka je ka gama jarrabawa. Karo na biyu ya ba ka tsintsiya ya ce ka share harabar ɗakin ibada har damina ta wuce. Ka dawo gida kana huci, kana cewa tsohon nan kafinta ne kawai, bai san darajar ɗan kwaleji ba. Sai da shekara ta zagayo ya zaunar da kai gaban jama'ar ayarinmu, ya ɗora hannunka a kan littafi, ka yi alkawari da bakinka: ba nama, ba giya, ba ƙarya, ga azumin sha ɗaya ga wata, ga tattaki zuwa Pandharpur duk shekarar da ƙafa ta samu dama. Sannan ya zura maka carbin da hannunsa, ya sunkuya ya taɓa ƙafarka kamar yadda ka taɓa tasa. Ina tsaye bayan ginshiƙi ina share ido da bakin sarin da na ɗaura. Wannan duk ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya faru bayan na kashe wayar, shi ne kuma dalilin wannan takarda.

Wata guda na yi ina jiran kiranka. Da bai zo ba, sai na yanke shawara ni kaɗai. Na je rumfar masu sayar da kayan ibada na sayi sabon carbi, na sayi ambulan mai kauri, na rubuta adireshinka da manyan baƙaƙe. Maƙwabciyarmu Shevanta, wadda ka sani ba a motsa tukunya a gidan nan ba ta ji ba, ta leƙo ta katanga ta ce, "Hedimasta, yau kuma wa za a kora daga makaranta?" Da na gaya mata, ta ce ai wannan abu ne mai sauƙi, in kawo ta ɗora carbin a kan talabijin lokacin da gurunta, malamin da take bi, yake sa albarka, albarkar za ta shiga, sai gidan waya. Na ce mata ta riƙe gurunta da fararen motocinsa, ni nawa malamin yana da ƙafafu kuma yana taka ƙasa da su. Ta ce to, mai taka ƙasa, a gaishe shi, a kuma tambaye shi ko yana da maganin uwa mai fushi.

Tunda maganar ta zo, bari in ja maka kunne, domin na ji a can ma irin waɗannan suna shiga wa mutane ta waya. Duk wanda ya ce maka zai kai ka ga Ubangiji cikin mako shida, ka rufe wayar. Duk wanda hotonsa ya fi hoton Vitthal girma a bango, ka fita daga ɗakin. Ni ban karanta manyan littattafai ba, amma shekara arba'in ina kallon malami guda, na san abin da na gani. Buwa bai taɓa buɗe baki zai yi wa'azi ba sai ya fara ambaton wanda ya koya masa, da wanda ya koya wa wancan. A kan hanyar tattaki shi ne na ƙarshe da yake cin abinci, bayan ya zaga ya ga kowa ya samu gurasar dawa, har direban motar kaya. Wata shekara wani lauya daga Pune ya yi masa tambaya mai wuya a gaban mutum ɗari biyu, ya ce bai sani ba, ya faɗi sunan wani masani a Alandi ya ce a je can. Ni a ranar kunya ta kama ni a madadinsa. Yanzu na gane ba shi ne ya kamata a ji wa kunya ba. Da ubanka ya rasu kuwa, kowa ya zo da wa'azinsa, kowa yana gaya mini jiki riga ce da rai yake tuɓewa. Buwa ya zo da jakar kayan aikinsa. Ya ga ƙofar ɗakin girki tana jan ƙasa, ya cire ta, ya fere ta, ya mayar. Kwana goma sha biyu yana zuwa yana neman abin gyara a gidan nan. Bai yi mini maganar mutuwa ba sai da ni na tambaye shi.

To, na ɗauki carbin da ambulan na tafi wajensa da safe. Yana nan a ɗakinsa na bayan ɗakin ibada, shekara tamanin da huɗu yanzu, ya rame ƙwarai, amma idon nan nasa yana nan. Na zube masa labari duka, na ce ya sa wa carbin albarka in aika. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ce da farko dai an cuce ni, wannan ba tulasi ba ne, itacen banza ne aka shafa wa turare, shi kafinta ne ba a yi masa wannan. Sannan ya ce ko da na gaske ne ba zai sa hannu ba, domin carbi ba ya shiga gidan waya. Daga hannu yake zuwa wuya, mai bayarwa yana kallon idon mai karɓa, mai karɓa kuma shi ya nema. Wanda aka aika wa carbi a ambulan, in ji shi, an aika masa igiya ce. Na ce to yaya za a yi, yaro yana can yana lalacewa. Sai ya tambaye ni, "Indu, kin tambaye shi dalili?" Na ce na tambaye ka ina carbin yake. Ya ce ba wannan ya tambaya ba. Na ce babu wani dalili da zai sa ɗan gidan Jagtap ya tuɓe carbinsa. Ya yi murmushi ya ce to ai shi ke nan, tunda an yanke hukunci, me ya rage a kawo wa kafinta? Da na tashi tafiya, ya dafa bango ya sunkuya zai taɓa ƙafata kamar kullum. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ban kira ka ba. Taurin kan nan ba daga wajen ubanka kaɗai ka samo shi ba, na yarda.

Dalilin ya zo mini ta bakin Mangala, lokacin da ta zo bikin sabuwar shekararmu a watan Maris. Kada ka yi fushi da ita. Kwana biyu ina matsa mata, ka kuma san ba a daɗe ana riƙe mini magana. Muna tsince shinkafa ta fashe da kuka ta gaya mini abin da ka gaya mata. Cewa a watannin nan da rana ba ta fitowa a can, lokacin da Ketaki ta tafi jinyar mahaifinta ta bar ka kai kaɗai, ka fara zama da abokan aiki bayan an tashi, ka ci abin da suke ci, ka sha abin da suke sha, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Cewa wata safiya ka ga carbin a madubi, ka cire shi da hannunka, ka naɗe shi a farin ƙyalle ka ajiye gaban hoton Vitthal, domin ba za ka iya yawo da ƙarya a wuya ba. Cewa ka daina tun tuni, amma ba ka ga kana da ikon mayar da shi da kanka ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar ban ci abinci ba. Nama, Yashwant. Giya. A bakin da na shayar. Na tuna yadda nake tashi in dafa maka dankalin azumi da gyaɗa tun kana ɗan shekara bakwai domin ka ce kai ma za ka yi azumi irin na Baba. Washegari na tafi wajen Buwa, kuma in faɗi gaskiya, na tafi ne domin ya tsine wa abin da ka yi in ji sanyi. Na gaya masa a tsaye, ko zama ban yi ba.

Ya turo mini kujera. Sannan ya ce in zauna, gwiwata ba ta yi laifi ba. Ya ce ya sa wa mutum fiye da ɗari huɗu carbi a garin nan, kuma ya san waɗanda suke tura shi cikin riga in za su bi ta layin mahauta, ya san masu ɗaure gyale a wuya ranar Lahadi, ranar dafa nama, ko ana zafi. Suna zuwa suna taɓa ƙafarsa, yana taɓa tasu, kowa ya san kowa ya sani. Amma wanda ya cire carbi da kansa saboda kunya, a ƙasar da babu mai ganinsa, babu mai tambayarsa, bai taɓa samu ba sai kai. Na ce ya daina yabon mai laifi. Ya ce ba yabo yake yi ba, ka karya alkawari biyu, wannan babu gyara a faɗarsa, amma ka riƙe na uku, kuma a kan na ukun sauran suke tsaye.

Daga nan ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba, abin da ubanka ma ba na tsammanin ya sani, ya kuma ce in rubuta maka shi yadda yake. Yana da shekara talatin matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Shekara biyu ya yi yana shan giyar rake a bayan shagonsa, carbin yana wuyansa a ƙarƙashin riga. Labari ya kai wa malaminsa a ƙauye. Tsohon ya yi tafiyar kwana biyu a ƙasa, ya shigo shagon, bai ce uffan a kan giya ba. Ya dai kama ɗaya bakin katakon da Buwa yake yankawa ya riƙe masa. Kwana tara yana riƙe masa katako, yana cin abin da ya ci, yana kwana a kan ɓawon itace. A rana ta tara Buwa ya cire carbin da kansa ya sa a tafin tsohon. Sai Buwa ya ce mini, "Abin da ya ɗauke ni shekara biyu da kwana tara, ga malami a gabana, ɗanki ya yi shi shi kaɗai gaban madubi." Ina zaune ina kallon mutumin da na yi shekara arba'in ina kafa wa kowa misali da shi. Na rasa inda zan sa idona. Na so in ji ya ragu a wurina, na duba zuciyata na ga bai ragu ba.

Sai ya ce akwai laifin da yake nasa ne. Shekara guda ya yi yana koya maka yadda ake riƙe alkawari, bai taɓa gaya maka abin da mutum yake yi in ya karya ba, domin ya ji nauyin ba da labarin kansa. Ya koya maka hanyar tafiya ya bar ka ba ka san hanyar dawowa ba. Ya ce malamin da ya ɓoye tabonsa ya cuci almajirinsa. Da yana da ƙafafun da, in ji shi, da ya zo har Suwidin ya riƙe maka bakin katako, ko da ba ya jin a can ana yanka katako da hannu.

Ga hanyar dawowar, yadda ya faɗa. Tsohon carbin kada ka mayar da shi wuya, kada kuma ka jefar. Ka zo da shi a ƙyallensa, za a sake shi a kogi a Pandharpur. Sabo kuma shi zai sassaƙa da hannunsa, daga busasshen itacen tulasi. Ya tambaye ni ko ina da shi. Ina da shi, Yashwant. Tulasin tsakar gida, wanda na dasa da safen ranar da motar haya ta ɗauke ku shekara huɗu da suka wuce, wanda nake zuba wa ruwa kowace asuba ina ambaton sunanka, ya bushe bana. Bayan Sankranti ya fara zubar da ganye. Na gaya wa Shevanta cewa laifinka ne ya ƙone shi. Ta ce, "Hedimasta, ko dai zafin bakinki ne? Ni ma ta nan katangar ina jin hucinsa." Kwana uku ban yi mata magana ba. Na ƙi tuge shi, na bar shi tsaye a bushe ina kallo. Da Buwa ya ji, ya ce ya bushe a kan kari, in kawo. Baffanka ya tono shi har saiwa, ni na rungume shi zuwa ɗakin ibada kamar jariri.

Tun farkon Afrilu yake aikin. Hannunsa yana rawa yanzu, ido ma sai da tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Da safe yake zama a baranda kafin rana ta yi zafi, ya yanka ɗan guntu, ya fere, ya goge, ya huda. Wata rana ƙwaya uku, wata rana biyu, ranar da ƙirjinsa ya matsa masa ko ɗaya. Da yawa suna tsagewa wajen hudawa ya sake. Wani daga cikin ayari ya ce a kai wa masu inji su gama cikin awa guda, Buwa ya ce in an ga injin da yake ambaton sunan yaro a kan kowace ƙwaya, a kawo masa ya ɗauke shi almajiri. Ni ce mai zura zare, domin idona ya fi nasa. Kowace safiya ina can. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba, kuma ka san ni da magana, amma sai in ga mun yi awa biyu ba wanda ya ce komai. Wani lokaci yakan tambaye ni kai, ko har yanzu kana cin gurasa kana barin gefenta, ko Gargi ta iya harshenmu. Sai in ga ban san amsar wasu ba.

Shekaranjiya muka zura ta ɗari da bakwai. Na miƙa masa guntun ƙarshe, na cikon ɗari da takwas, ya karɓa ya fere shi ya goge, amma bai huda ba. Ya ƙulle shi a bakin mayafinsa. Ya ce wannan sai mai ita yana zaune a gabansa.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Buwa ba shi da lafiya. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ya hana shi tattakin bana. Shekara hamsin da ɗaya bai fasa ba tun bayan waɗancan shekarun giya, bana ya fasa. An ce ya hau motar kaya, ya ce shi ba buhun gari ba ne. Zai raka ayari zuwa bakin gari ya dawo. Ya riga ya miƙa molonsa na waƙar ibada ga wanda zai ja ayari bayansa, a gaban kowa, kuma ka san ba a miƙa wannan sai mutum ya ji wani abu a jikinsa. Babban ayari zai ratsa Phaltan a ƙarshen watan Yuni, mu shiga cikinsa. In ka zo kafin nan, za ka same shi, za a huda ƙwayar, ka yi tattakin da sabon carbi. Na ce masa zan rubuta maka cewa yana bakin mutuwa. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce in rubuta cewa shi ba ya tsoratar da almajiri da mutuwarsa, wannan aikin iyaye mata ne, kuma ya san zan yi shi da kyau ba sai ya taya ni ba. To na yi. Ƙafafunsa sun kumbura, Yashwant. Na gani da idona da na sunkuya.

Akwai magana guda da ya ɗora mini, ita ce ta sa na yi kwana biyu da takarda a gabana ban rubuta komai ba. Ya ce in gaya maka ba dole ba ne. In ka zo ka zauna gabansa ka ga zuciyarka ba ta nema ba, ko ba ta nema ba tukuna, kada ka karɓa don ganin idonsa ko idona. Zai ba ka shayi, ku yi hira, ya taɓa ƙafarka, ka tafi kana almajirinsa kamar da. Ƙwayar ta zauna a bakin mayafi. Ya ce ya fi son ya mutu da carbi bai cika ba da ya sa maka ƙarya ta biyu a wuya. Na yi masa gardama. Na ce to wahalar wata ɗaya da rabi fa, da tulasina? Ya ce, "Indu, ke carbin kike kewa ko yaron?"

Ban amsa masa ba, ba na son a riƙa yi mini irin wannan tambaya a gaban mutane. Amma kai zan amsa maka. Ban ce abin da ka yi daidai ba ne. Ba daidai ba ne, kuma in ka zo za ka ji sauran daga bakina, kada ka yi tsammanin an yafe maka wannan. Ina so in ga carbin nan a wuyanka kafin in bi ubanka, ina roƙon haka kowace asuba. Amma ɗakinka yana nan ina share shi. Na yi tsamin mangwaro irin wanda kake so, tulu guda, na hana Mangala taɓawa. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in bar abin da ke kan wuta, in tarar baffanka ne yana tambayar ko an kawo taki. Shekara huɗu ban taɓa kanka ba. Gargi ta fitar da haƙori, wani ya tsiro, ban gani ba.

Maganar da na faɗa ranar Sankranti na janye ta. Ni na faɗa, ni na janye, ba kuma don Buwa ya sa ni ba. Ka zo. Ko wuyanka babu komai, ka zo. In ba ka samu hutu ba sai bayan ayari ya wuce, ka zo bayan ya wuce. Kafin nan kuma ka ɗauki waya ka kira ni da sunan da ka saba. Da safe ina wajen Buwa, amma daga ƙarfe goma sha ɗaya ina gida, wayar tana aljihun rigata.

Ka gaishe mini da Ketaki, ka ce mata ina yi wa mahaifinta addu'ar samun sauƙi, kuma ba na riƙe da ita da komai. Ka sumbaci Gargi a goshi, ka ce kakarta ta ajiye mata awarwaron gilashi kore. Baffanka Tanaji da matarsa Sindhu suna gaishe ku. Mangala tana gaishe ka tana kuma tsoron fushinka, ka kira ta ita ma. Shevanta ta ce a gaya maka ka yi sauri, wai ta gaji da zama kusa da damisa. Buwa bai ba da saƙon gaisuwa ba, ya ce zai yi da bakinsa.

In ka buɗe ninkin ƙarshe na takardar nan a hankali, za ka ga ɗan garin itace. Abin da ya zubo ne wajen sassaƙa, na share daga barandar na ƙulle. Buwa ya hana aika carbi, bai hana aika wannan ba, ban kuma tambaye shi ba. Ka shinshina. Ƙamshin tsakar gidanku ne.

Mai jiran muryarka,
Aayinka,
Indumati Jagtap.